Ranar da Aka Sauya Bakin Mata

A layinmu na Kilomita Biyar, a nan Bangi, mata ba sa magana a taron unguwa. Ba wai an ɗinke mana baki ba ne, wa ya isa. Muna magana har murya ta dushe, sai dai a cikin zauren gidan Alhaji Nata'ala muke yin ta, su kuma maza suna waje ƙarƙashin rumfar kwanon da ke gaban shagonsa na shinkafa da sukari. Tsakaninmu da su bango ne, a jikin bangon akwai wata 'yar taga mai ƙarafuna wadda ko kan akuya ba zai shige ba. A bakin tagar nan, ta waje, ake tsayar da namiji guda. Shi ake kira bakin mata. Mu faɗa masa, shi ya juya ya faɗa wa maza. Abin da bai fito daga bakinsa ba, to ba a faɗe shi ba. Ga ƙarar janareto, ga hon ɗin masu moto, wato babur, a titi, don haka ba abin da mazan ke ji daga zaure sai guna-guni kamar na ƙudan zuma.

Tun ina da haƙorana duka Malam Audi mai gyaran agogo ne bakin mata. Mutum ne mai haƙuri, ba ya katse ki. Zai kara kunne a taga, yana gyaɗa kai, yana cewa, "Haka ne. Assha. Ikon Allah." Akwai ranar da wata baiwar Allah ta tsaya ta yi bayanin kwatar da ke ambaliya cikin madafinta duk damina, ta yi ta yi har da hawaye da majina. Da ta gama Malam Audi ya juya, ya gyara murya, ya ce, "Mata sun ce Allah ya saka da alheri." Maza suka ce amin, aka shafa. Kwatar tana nan har gobe.

To, sai ga maganar ruwa.

Ruwan famfo yana zuwa layinmu ne kamar baƙon da aka yi wa laifi, in ya leƙo yau sai a manta da kamanninsa kafin ya dawo. Kullum da bido, jarkar nan mai ruwan ɗorawa, muke tsallaka babban titi zuwa wajen unguwar Yakite, mu bi layi, mu ɗoro a kai, mu sake ratsowa tsakanin motoci. Sai Abdulrahim, yaron nan da ya gudu Duwala ta Kamaru lokacin rikici Allah ya buɗa masa a can, ya aiko cewa zai haƙa mana rijiyar burtsatse, sadaka ga mahaifiyarsa marigayiya Amira. Ya ce motar haƙa za ta iso ranar Litinin, unguwa ta zauna ranar Lahadi ta nuna wurin da take so.

Wuri biyu ne. Akwai filin gaban shagon Alhaji Nata'ala, jikin masallaci, a bakin titi. Akwai kuma kangon da ke can cikin lungu tsakiyar gidajenmu, wanda masu shi suka zauna a Cadi suka ce a yi abin alheri da shi. Alhaji ya riga ya yanke a ransa: gaban shago. Wai don alwala. Bai ce komai ba a kan masu moto da za su riƙa taruwa suna wanke babura suna sayen lemo da biskit a wajensa, ni ma ban ce ba.

Wadda abin ya tsaya wa a wuya ita ce Mas'uda mai makala, wato fanken nan namu na Bangi, da take toyawa a bakin lungu. Uwarta 'yar unguwar Miskin ce, ubanta Bahaushe, don haka Hausarta tana tafiya ne tana tuntuɓe, in ranta ya ɓaci sai ta zarce da Sango, yaren ƙasar nan. Mijinta direban babbar mota ne a hanyar Kamaru, ganinsa sai an dace. Daminar da ta wuce wani mai moto ya kwashe ta a titin nan da bido cike a kanta. Bidon ya fashe, ƙafar ma ta fashe, bidon ne kawai aka samu sabo. Tun daga nan take ɗingishi. In aka haƙa a gaban shago, ita da 'ya'yanta mata suna nan dai a bakin titin da ya karya ta.

Ta zo ɗakina da hantsi tana huci.

"Iya Ummuhani, wannan karon da bakina zan faɗa. Wallahi ko za a yanka ni."

"Da wane bakin? Naki ai yana wajen Malam Audi a ajiye, tare da agogunan da bai gyara ba."

"Iya, ba wasa na zo ba."

Ta zauna ta karanta mini jawabin da 'yarta mai zuwa lise, wato sakandare, ta koya mata. Jawabi ne mai kyau, har da egalite a ciki, wai daidaito tsakanin mace da namiji. Na saurara har ƙarshe, na ce, "Madalla. Malam Audi zai ce kin ce Allah ya saka da alheri."

Ta sunkuyar da kai tana murza gwiwarta. Sai ta ba ni tausayi, ni kuma in tausayi ya kama ni ƙafata ƙaiƙayi take yi. Na yafa mayafi na nufi gidan Alhaji Nata'ala gaida matarsa Hajiya Zuwaira.

Alhaji yana da ɗan ƙanwa, Sharafaddeen, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Sudan ba. Dogo ne siriri kamar sandar rake, ga tsoron Allah har ya yi masa yawa. In ya taka ƙafar kaza sai ya nemi mai kazar ya roƙi gafara. Alhaji yana ji da shi kamar me.

Muna cin gyaɗa na ce wa Zuwaira, "Ni kam na toshe kunnena. Mutanen layin nan ba su da kirki."

"Me kuma aka ce?"

"A'a, ba da bakina ba."

"Haba Iya."

"To wai cewa suke, yaro ya sha karatu har Sudan, ya dawo kawunsa ya rasa muƙamin da zai ba shi ko na riƙe buta. Wai mai gyaran agogo ya fi shi daraja a taro. Na ce musu ku ji tsoron Allah."

Ba wanda ya faɗi haka kafin ni, amma zuwa la'asar kowa yana faɗa, kun ga kuwa ba a ce na yi ƙarya ba. Kafin Juma'a Alhaji ya kira Malam Audi ya ce ya huta haka nan, ya tsufa, an gode. Sabon bakin mata shi ne Malam Sharafaddeen.

Ranar Asabar na tare yaron a ƙofar masallaci, a gaban mutane, na durƙusa kamar mai neman sani.

"Angona, fatawa na zo yi."

"Allah ya sa na sani, Iya."

"Mutum ne aka ba shi saƙo ya kai. A hanya ya ga saƙon ya yi masa nauyi, sai ya rage, ya kai rabi. Mene ne hukuncinsa?"

Kai, kamar na zuba wa wuta kananzir. Ya miƙe tsaye sosai, ya ɗaga yatsa, ya ce wannan cin amana ne tsagwaronsa, ɗan saƙo ba shi da ikon ƙara ko wasali, ba shi da ikon ragewa, ko saƙon yana da ɗaci, ko a kan mahaifinsa ne. Ya jawo Larabci ya zuba. Dattawan da ke wurin suna ta "Masha Allahu." Shi kansa Alhaji Nata'ala yana tsaye yana shafa gemunsa baƙi ƙirin, yana kallon jama'a kamar shi ya je Sudan ɗin.

Na ce, "Ko a kan kawunsa ne?"

"Ko a kan waye, Iya."

"Allah ya ƙara sani. Jama'a kun dai ji."

Ranar Lahadi bayan la'asar zaure ya cika har ana zama kan cinyar juna, don na bi gida-gida na ce kowace ta zo da abin da ke cinta. A waje Alhaji ya buɗe taro, ya yi dogon bayani a kan falalar alwala, ya ce ga dukkan alamu kowa ya yarda da gaban shago, saura a ji ta bakin iyayenmu mata don cika al'ada. Sharafaddeen ya matso taga, ya sunkuyar da kai ƙasa don kada idonsa ya faɗa kan wata.

Na fara gwada shi. Na ce, "Angona, hularka ta karkace."

Ya juya wajen maza ya ce, "Iya Ummuhani ta ce hulata ta karkace."

Aka yi dariya a waje. A ciki kuwa muka kalli juna. Na ce a raina, yau akwai biki.

Hureira matar Luqman mai moto ta fara, da cikinta tulele a gaba. Ta faɗa, Sharafaddeen ya juya ya zuba kamar mai karatun allo:

"Hureira ta ce jiya da tsohon cikinta ta tsallaka titi ta ɗebo ruwa, ta shiga ɗaki ta ɗan miƙe bayanta, ta fito ta tarar mai gidanta ya wanke moto da shi tas, har da tayoyi. Ta ce da ɗankwalinta na Sallah ya goge madubi. Ta ce yana wanka yana yi wa moton waƙa, ita kuwa tun da aka kawo ta bai taɓa yi mata ko tafi ba."

Rumfa ta kece da dariya. Luqman ya miƙe yana cewa, "Tsohon ɗankwali ne! Wallahi tsoho ne!" Aka ja rigarsa ya zauna. Alhaji ya yi dariya har da share ido, ya ce, "Luqman, ka ji tsoron Allah. Malam, ci gaba, ci gaba, wannan shi ne aiki."

Aka ci gaba. Wata ta ce mijinta in zai yi wanka sai ya ƙarar da bido guda, wai sai ya ji sanyi ya ratsa ƙashinsa. Wata ta ce nata bai san inda ake ɗebo ruwa ba, ya ɗauka randa ce ke haihuwarsa. Duk wanda aka ambata sai ya nutse cikin riga, sauran su yi ta ƙyaƙyatawa, har layi ya zo kan mai dariyar. A hankali dariyar ta fara raguwa, don kowa ya lura matarsa tana cikin zaure.

Sai Hajiya Zuwaira ta miƙe. Ni kaina ban zata ba. Matar da ko tari za ta yi sai ta duba ko Alhaji yana kusa. Ta matsa taga ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta daɗe. Sharafaddeen ya ɗago kai ya dubi kawunsa. Gumi ya keto masa.

Alhaji ya ce, "Ina jinka, Malam."

"Kawu... a nan akwai..."

Na leƙa ta ƙarafunan na ce, "Ko a kan waye."

Bawan Allah ya runtse ido ya ce, "Iya ta ce ko a kan waye. Hajiya kuma ta ce duk daren Juma'a sai an tanadi bido guda na musamman saboda gemun Kawu. Ta ce baƙin nan ba na Allah ba ne, rini ne na kwali, daga shagon 'yan Lubnan ake sayo shi. Ta ce shi ke ɓata mata kwanon silba da matashin kai, kuma ita ce mai wankewa. Ta ce asalin gemun fari ne fat kamar garin rogo. Kawu ka yafe mini, amana ce."

Duk idanu suka koma kan gemun Alhaji. Sai wani ya fashe da dariya daga can gefe, dariya irin ta mai tari, har yana dukan cinya. Malam Audi ne.

Alhaji ya miƙe, hannunsa ya tafi wajen gemu ya dawo da sauri. "Ya isa! Yaro ne, bai san aikin ba. Sharafaddeen, koma ka zauna. Malam Audi, zo ka karɓi aikinka."

Malam Audi ya share hawaye da hannun riga. "Ni, Alhaji? Ai na tsufa. Kai ka faɗa. Ban kuma je Sudan ba, iyakata Bimbo nan bayan gari."

"To wani ya tashi. Kai, Uwaisu."

Uwaisu mai kayan gini ya ce maƙogwaronsa yana ciwo. Duk wanda aka kalla sai ya kama duba waya. Wa zai tsaya a tagar da mata suka yi layi a bayanta, kowace da kayanta a baki?

Wani daga baya ya ce, "Wai yau takwas ga Maris ce, ranar mata? A ba su atamfarsu su tafi mana."

Alhaji ya ce, "An ji ta bakin mata, ta wadatar. Masu son gaban shago su ɗaga hannu."

Nan na farga. Na waiga na ga Mas'uda a tsaye a tsakiyar zaure, ba ta ko kai ga tagar ba, mata sun tare ta da labarin wankan mazajensu. Mun sha dariya, mun more, ga shi za a haƙa rijiya a bakin titi. Hannuwa sun fara tashi. Na ture na gabana na manna bakina a ƙarfe.

"Angona! Saƙona bai ƙare ba. Ka ce musu yanzu zan fara. Ka ce ina da labarin wani dattijo a layin nan da ya ce wa iyalinsa zai je Duwala sarin kaya, sai aka gan shi a Miskin, a wani gida mai koren ƙyaure, yana..."

Sharafaddeen, da yake har lokacin bai bar wurin ba, ya juya kamar wanda za a kai rataya. "Iya ta ce tana da labarin wani dattijo a layin nan da ya ce zai je Duwala..."

Ban san dattawa nawa ne a layinmu suka san koren ƙyaure a Miskin ba. Ni dai na ga hannuwan da suka ɗagu sun sauka tare, wasu har sun miƙe tsaye. Ana ta "A'a, a'a, Malam, dakata!" "Subhanallahi!" "Wannan ai gulma ce, ba taro ba!" Uwaisu mai ciwon maƙogwaro ya fi kowa ƙara.

Alhaji Nata'ala ba wawa ba ne, duk abin da za a ce da shi. Ya yi tsai yana kallon tagar, sannan ya ce, "Bangon nan ne ke ba su ƙarfi. A buɗe ƙofar zaure. Duk mai magana ta fito nan ta faɗa a gabanmu, ido da ido. Mu gani in akwai mai iyawa."

Aka buɗe.

Kun san me? Gaskiyarsa. Haske yana shigowa zaure ya yi tsit. Hureira ta ja mayafi ta rufe har hanci. Zuwaira ta sulale cikin gida wai ta bar tukunya a wuta. Ni kaina, ni Ummuhani, da na leƙa na ga idanun nan jere, surukai da 'ya'yan ƙawaye da liman, sai na ja da baya. Ta taga ana iya faɗin komai. A fili kuwa akwai gobe, za a haɗu a hanya.

Mas'uda ce ta fita. Tana jan ƙafa, ɗingis, ɗingis, har tsakiyar rumfa. Na bi bayanta don kada a ce na gudu, na tsaya jikin buhunan shinkafa.

Ta ce, "Salamu alaikum."

Aka amsa.

Ta ce, "Mu mata... egalite..." Sai ta tsaya. Jawabin nan duka ya tashi ya bar ta. Ta kama murza bakin zani. Wani ya yi tari. Wani ya yi 'yar dariya ta hanci. Mai moto ya wuce a titi da hon, wani ya sake wucewa, ita dai tana tsaye.

Alhaji ya buɗe hannuwa ya ce, cikin taushi kuma, abin da ya fi ciwo ke nan, "To kun gani. Ba don mugunta iyayenmu suka ajiye bakin mata ba. Koma ciki, 'yata, Allah ya yi miki albarka."

Ta juya kamar za ta tafi. Har na ce shi ke nan. Sai ta tsaya, ta juyo, ta ce da Sango, "Mbi ye ti sara tene." Wato magana nake so in yi. Daga nan ba ta ƙara komawa Hausa ba, kuma ba wanda ya ce bai gane ba, don duk da Sango suke ciniki.

Ta ce, "Rijiyar nan sadakar wa ce? Ta Inna Amira ce. A cikinku wa ya taɓa ganin Inna Amira zaune a gaban shagon nan? Ni na san ta. Tare muke tsallaka titi. Da ta tsufa ni nake ɗora mata, in mun zo tsakiya ta riƙe zanina tana cewa, Mas'uda kar ki sake ni. Rabin bido take iya ɗauka, shi ma sai ta huta a bakin kwata. Ranar da ta rasu babu ruwa a layin nan. Mu muka je Yakite muka ɗebo na wankanta, ku kuna nan a rumfa kuna tambaya me ya sa mata suka daɗe."

Dattawa suka sunkuyar da kai.

Ta ɗan ɗage zani ta nuna tabon ƙaurinta, liman ya kau da kai. "Wannan titin ne. Ina da 'ya'ya mata, ƙafafunsu lafiya lau, haka nake so su kai su gidan miji. Ku alwala kuke yi da buta. Mu girki, wanki, wankan yara, wankan gawa, wankan moto." Luqman ya sunkuya. "Ban ce kun fi mu ba, ban ce mun fi ku ba. Na ce mai ɗauka ita ta san inda ya kamata a ajiye."

Ta numfasa. Na ga kafaɗunta sun sauka, har wani ɗan murmushi ya zo mata.

"Amma in kun fi so a gaban shago, to. Sai dai ku sani, tun asuba har magariba muna nan. Dukanmu. Da bidunanmu da goyonmu da bakunanmu, a nan gabanku, kullum ta Allah, ba taga ba bango. Iya Ummuhani ma ta ce za ta kawo kujerarta."

Ban faɗa ba, amma na gyaɗa kai. Duk rumfar ta juyo ta kalle ni. Na yi musu murmushi da 'yan haƙoran da suka rage, na ɗaga wa Uwaisu hannu.

Uwaisu ya ce, "Ni dai tun farko kangon nan ya fi kwanta mini."

"Ai ya fi sirri," in ji wani.

"Ya fi dacewa da mutuncin iyali," in ji liman.

Alhaji ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba kowa a bayansa. Ya ce, "To ruwan alwala fa?"

Sharafaddeen ya ce, "Kawu, ai kangon ba nisa. Masu salla sai su riƙa ɗebowa bi da bi. Akwai lada mai yawa a cikin..."

"Kai, rufe mini baki. Wa ya tambaye ka?"

Aka ɗaga hannu, kango ya ci. Ni ma na ɗaga nawa daga jikin buhu, ban sani ba ko an lissafa da shi. Mas'uda ta ce, "Singila mingi," wato na gode ƙwarai, ta juya, tana shiga zaure ta zube a jikin Hureira tana kuka tana dariya, mata suna ta yi mata fifita da mayafi.

Ranar Litinin mota ta zo, da ƙyar ta shiga lungun, sai da ta tafi da kusurwar katangar Uwaisu. Suka yi ta gurzar ƙasa, yara suna ihu, jan taɓo ya ɓata mana shanya duka. Da ruwa ya fito fari aka sa famfo, aka ba Mas'uda makulli, tunda ƙofarta ce ke kallon wurin. A taron da ya biyo baya ta ɗauki kujerarta 'yar tsuguno ta ajiye a gefen rumfa ta zauna. An harare ta, ba a kore ta ba. Hureira ta bi ta. Sauran har yanzu suna zaure, wai sai sun ga yadda za ta kaya.

Ni kuwa ranar da aka buɗe famfo na saɓa bidona na wuce layi kai tsaye zuwa gaba, don kowa ya san wahalar da na sha.

Mas'uda ta ce, "Iya, layi."

"Ke! Ni? Ni da na..."

"Na sani, Iya, Allah ya biya ki. Kawo bidon in kin gaji ki zauna, in ya zo kanki in cika miki in kai miki har ɗaki. Amma bidon zai bi layi. Hajiya Zuwaira ma ga nata can."

Na fizge abina na koma baya ina mita, ina cewa ga irin abin da egalite ke jawowa. Ina tsayawa sai na ga wanda ke gabana namiji ne, riƙe da bidon masallaci. Malam Audi. Ranar shi ke da ɗiba.

Ya waigo ya ce, "Hajiya Ummuhani, gidan nan mai koren ƙyaure. Na kusa da mai walda kike nufi, ko na bayan makaranta?"

Na ce, "Au, biyu ne?"

Ya duba hagu da dama, ya rage murya. Ashe duk shekarun nan da yake kara kunne a taga ba abin da ya zubar, ga kuma na maza da yake ji a rumfa, wanda mu ba ma samu. Ya fara ba ni tun daga kan Uwaisu. Layi yana matsawa, muna tsaye. Ta bayana ta taɓa ni ta ce, "Iya, an zo kanku."

Na ce, "Wuce, 'yar nan, wuce. Ba sauri nake ba."